Takobin Indiya: Kurakuran da Ke Sa a Sayi Tsaraba da Kuɗin Kayan Tarihi

Wanda ya taɓa zaga kasuwannin Jaipur, Udaipur ko Amritsar ya ga takubba jere a rataye, kube na jan karan-miski, ƙota tana walƙiya da kan zaki. Yawancinsu na ado ne. Wasu an yi su don ango, tunda a bikin al'ummar Rajput da na mabiya addinin Sikh ango kan riƙe takobi, wasu kuma don baƙi masu neman tsaraba. Ba laifi ba ne ka saya, laifin a ce maka na wani sarki ne ka yarda.

Kuskuren farko, mutane ado suke kallo, alhali shaida tana jikin ruwan takobin. Talwar na gaske, wato lanƙwasasshen takobin nan mai faifai a ƙarshen ƙota, maƙeri ya yi shi ne don sara. Duba gadon bayansa: wajen ƙota yana da kauri, yana sirancewa har tsini. Na tsaraba daga falle aka yanko shi, kaurinsa ɗaya tun daga sama har ƙasa, bakinsa a dakushe, in ka ɗaga sai ka ji kamar ka ɗauki rodi. Sau da yawa ma an yi masa ruwan ƙyalli irin na bambar mota, an zana furanni da ruwan asid. In ka ga "Made in India" a jiki, magana ta ƙare, wannan tambarin kayan fitarwa ne na zamani.

Sai ƙota, wadda ta fi komai tona asiri. A tsohon talwar, ɗan guntun gindin ruwan ake cusawa cikin ƙotar ƙarfe, a cika da narkakken ƙaro ya riƙe shi. Leƙa inda ruwa ya shiga ƙota, za ka ga wani abu baƙi-baƙi ya bushe, wani lokaci har ya tsage. Noti da aka ɗaure a kan faifai, ko tabon walda, aikin zamani ne. Kuma mariƙin tsohon matsattse ne ƙwarai, yatsu huɗu da kyar suke zama, faifan yana tokare hannu. Masu saye kan ɗauka na yara ne su wuce, ga shi kuwa haka aka yi su da gangan.

Tsatsa ma tana ruɗin jama'a. An ɗauka duk abin da ya yi tsatsa ya tsufa, masu jabu kuwa sun san haka, sai su jiƙa sabo da asid ko ruwan gishiri. Irin wannan tsatsar ja ce, tana bin yatsa in ka shafa, ta kuma rufe ko'ina daidai wa daida. Ta shekaru baƙa ce mai duhu, ta zauna daram, ta fi yawa a lunguna, inda tafin hannu ya saba gogawa kuma ya yi sumul.

Wanda ya fi wuyar tantancewa shi ne koftgari, adon da ake yi ta hanyar karce ƙarfe da ƙananan layuka a danna zaren zinariya ko azurfa a kai. Har yau ana wannan sana'a a jihar Rajasthan, da kyau kuwa, don haka ganinsa ba ya nuna tsufa. A tsohon aiki zinariyar ta cinye a wuraren da ake taɓawa, ta rage a saƙo-saƙo. Haka zanen ruwa-ruwa a jikin ƙarfe: na wootz, ƙarfen da Indiya ta yi suna da shi, siriri ne kamar an zuba mai a ruwa, sai ka karkata shi a haske. Mai manyan layuka ɓaro-ɓaro galibi sabon haɗi ne. Ni dai in na ga ƙota fes, ruwa fes, kube fes, sannan aka ce shekara ɗari biyu, sai in mayar da hannu aljihu.

Akwai kuma masu yin kuskuren ta ɗaya gefen, su ƙi takobi don ƙota da ruwa ba sa'o'in juna ba ne. Sauya ƙota abu ne da aka saba a Indiya, riƙon ƙaro ma yana sauƙaƙa hakan. Akwai ma firangi, wanda ruwansa daga Turai aka kawo. Kube kuwa itace ne da ƙyalle, ya kan riga takobi lalacewa.

In Allah ya sa ka dace da tsoho, kada ka kai wa mai wasa wuƙa, kada ka sa masa samfefa. Tsumma da ɗan man keken ɗinki sun isa. Sannan ka sani, dokar Indiya ta 1972 ta hana mutum fitar da kayan tarihi da suka kai shekara 100. Mai shagon da ya rantse maka takobin na zamanin tsohuwar daular Mughal ne, ya kuma ce jefa a jaka ka wuce filin jirgi, tambaye shi takardar hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya.