Yadda Ake Tantance Hoton "Birnin da Ya Nutse" a Taswirar Ƙasan Teku

Wani yammaci muna zaune a fada ana jiran shayi ya tafasa, ƙanena ya miƙo mini salularsa yana cewa, "Yaya, dubi wannan, an gano birni sukutum a ƙarƙashin teku." Hoto ne mai shuɗi, da layuka miƙaƙƙu suna giftawa da juna kamar unguwar da aka yanka filaye, kuma muryar da ke cikin bidiyon tana rantsuwa cewa birnin Atlantis ne, wanda almara ta ce ya nutse a teku. Na san hoton, domin ya girmi wasu daga cikin masu yaɗa shi. A watan Fabrairun 2009 jaridar The Sun ta Ingila ta buga shi, makonni kaɗan bayan manhajar Google Earth ta fara nuna ƙasan teku. Tun da irin waɗannan hotuna ba su daina yawo a WhatsApp ba, ga hanyar da mutum zai bi ya gwada su da kansa, ko da bai taɓa ganin teku da idonsa ba.

Da farko ka nemi ainihin wurin. Idan mai turo hoton ba zai iya faɗin inda yake a taswira ba, babu abin da za a bincika, sai ka ajiye shi. Na 2009 yana cikin Tekun Atlantika, yamma da tsibiran Kanari, wajen kilomita 1,000 daga gaɓar Afirka, kusa da digiri 31 arewa da 24 yamma. Ka buɗe Google Earth ka je wurin da kanka.

Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne cewa abin da kake kallo ba hoton kamara ba ne. Hasken rana yana raunana ƙwarai bayan mita 200 a cikin ruwa, bayan mita 1,000 kuwa duhu ne dunɗum, saboda haka babu tauraron ɗan adam da ke hango ƙasan teku mai zurfi. Kwamfuta ce ke zana taswirar daga lissafin zurfi, kuma lissafin yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko, tauraro yana auna tudu da kwarin saman ruwa, domin dutsen da ke ƙasan teku yana jawo ruwa ya ɗan taru a kansa; daga nan ake kintata siffar ƙasan. Wannan hanya tana game teku duka, amma dishi-dishi take gani, abin da bai kai ƴan kilomitoci ba yana ɓace mata. Ta biyu, jirgin ruwa yana aika sauti ƙasa ya jira amsa-kuwwa. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a sakan ɗaya cikin ruwan teku, don haka a zurfin kilomita biyar yakan ɗauki kusan sakan bakwai kafin ya je ya dawo. Awon jirgi ya fi inganci nesa ba kusa ba, sai dai iyakarsa ƴar siririyar hanyar da jirgin ya bi.

Ka tuna gilashin motar da ta kwana a waje lokacin hunturu, ƙura ta rufe shi, yaro ya zo ya ja yatsa a kai tsaye da gicciye. Inda yatsa ya bi ana gani tar, sauran kuwa hazo ne, kuma ba wanda zai ce masana'anta ce ta yi gilashin da waɗannan layuka. Haka taswirar take idan aka ɗora awon jirgi a kan kintacen tauraro. Jirgin bincike yakan yi ta kai da komowa a miƙe kamar mai huɗa, sannan ya gitta, kuma idan awonsa ya ɗan saɓa da na tauraro, sai sawunsa ya fito kamar kunya ko rami. Kuskuren kashi ɗaya bisa ɗari a zurfin mita 5,000 ya zama mita 50, wanda ya isa ya zana "ganuwa" a allon waya. Wannan shi ne bayanin da Walter Smith na hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi da David Sandwell na cibiyar nazarin teku ta Scripps a Amurka, masu haɗa irin wannan taswira tun shekarun 1990, suka bayar game da hoton na 2009.

Bayan haka sai ka ɗauki ma'auni. Manhajar tana da abin auna tazara, kuma a ganina wannan mataki kaɗai yana kashe yawancin labaran. Wurin da aka kira birni ya kai girman yankin Wales na Birtaniya, wato kusan rabin jihar Maradi baki ɗaya, kuma tsakanin "titi" da "titi" akwai inda ya kai kilomita 13. Ka ƙiyasta unguwar da za ka fita daga Maradi har ka kusa Tibiri ba ka tarar da kwana ba. Idan kuma ka ƙara matso da hoton, maimakon gidaje su bayyana sai komai ya narke, wanda ke nuna cewa taswirar ba ta da ƙarfin nuna gini ko da yana nan.

Ka duba zurfin ma. A lokacin ƙanƙara na ƙarshe, shekaru kimanin 20,000 da suka wuce, sa'ad da ruwa mai yawa ya daskare a doron ƙasa, teku ta yi ƙasa da yadda take yau da wajen mita 120, don haka garuruwan da ruwa ya ci suna kusa da gaɓa, a wuri marar zurfi. Heraklion na Masar, wanda Franck Goddio ya gano a shekarar 2000 a gaɓar Abu Ƙir, yana ƙarƙashin mita goma ne, Pavlopetri na Girka mita uku zuwa huɗu, Port Royal na Jamaika da girgizar ƙasa ta nutsar a 1692 kuwa yana bakin tashar jiragen. Layukan 2009 suna zurfin da ya wuce kilomita biyar, a shimfiɗar laka da ke kan dutsen ƙasan teku, wurin da bai taɓa zama tudun da mutum zai kafa bukka ba.

Sannan ka bi layin da ido har ƙarshensa. Sawun jirgi sau da yawa yakan fice daga "birnin" ya miƙe ɗaruruwan kilomitoci, wani lokaci ya nufi wata tashar jiragen ruwa. Shafin GEBCO, wato shirin taswirar ƙasan teku na duniya, da na NOAA suna nuna inda jirage suka auna da inda kintace ne kawai, kuma idan layukan suka hau daidai kan hanyar jirgi, magana ta ƙare. Akwai kuma layuka miƙaƙƙu na halitta, wato tsagogin da ke gitta jerin duwatsun tsakiyar Atlantika inda manyan sassan ɓawon duniya ke rabuwa, waɗanda suka fito sarai a taswirar masana ƙasan teku Marie Tharp da Bruce Heezen ta 1977. Har yanzu abin da jirage suka auna da kyau bai wuce kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasan teku ba, shi ya sa faci ya yi yawa a taswirar.

Tambayar da na fi so a yi ita ce, me aka ciro daga wurin? Mu a nan mun san kufai. Manomi yana noma ya tono tsingaro, dutsen niƙa ko kashin maƙera, sai ya san an taɓa zama a gonar. Ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa Maradi ta bar fadama ta hau tudu, an san shekararta, an san wurin, kuma dattawa sun ba jikokinsu labarinta. A Heraklion an ciro gumaka, tsabar zinariya, duwatsu masu rubutu da tarkacen jirage. Daga wurin hoton 2009 ba a kawo ko kasko ɗaya ba. Neman hujja irin wannan ba shakkar ikon Allah ba ne na halaka al'umma. Tantance maganar ɗan adam ne kafin a ɗauka a kai wa wani.

Shi kansa labarin Atlantis, tushensa ɗaya ne: Aflatun, masanin Girka da Turawa ke kira Plato, ya rubuta shi wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa, a littattafansa Timaeus da Critias. Ya ce tsibiri ne bayan mashigin da ake kira Jibraltar a yau, wanda ya nutse cikin yini ɗaya da dare ɗaya, shekaru 9,000 kafin zamanin Solon, wani mai tsara dokoki na tsohuwar Girka. Babu wani rubutu da ya riga nasa da ya ambaci wannan tsibiri, kuma galibin masana suna ɗaukarsa misali ne da ya buga kan daular da girman kai ya kayar.

A ƙarshe ka nemi ranar da aka ɗauki hoton allon. A shekarar 2012 Google ta sabunta taswirar tekun da gyararren awo, layukan nan suka dushe. Da na karɓi salular ƙanena na buɗe wurin a gabansa, shimfiɗa ce kawai muka tarar, ya yi ta matso da ita da yatsu biyu yana neman titunan har shayin ya huce.