Darasi na Tara: Sauya Tsohuwar Firinta Ba Tare da Asarar Tawadar da Ke Hannu Ba

Firinta ta tsufa, tana cin takarda ko tana fitar da rubutu da zane-zane, ga kuma kwanson tawada uku ko huɗu a ajiye ba a buɗe ba. Kafin a je sayen sabuwa, aikin farko shi ne a ɗauko kwanson a karanta lambar da ke jikinsa, a rubuta ta a takarda. Lambar ce ke aiki, sunan kamfani kaɗai bai wadatar ba. Kwanson HP 61 yana shiga Deskjet 1050 da 2540 da Envy 4500, amma ba zai yi aiki a DeskJet 2700 ba, duk da cewa kamfani ɗaya ne kuma siffarsu ta yi kama. Idan an ga XL bayan lamba, kwanso ɗaya ne, tawadar ciki ce ta fi yawa.

Akwai kuma batun yanki, wanda ke kama mutane da yawa. Abin da ake kira HP 61 a Amurka shi ne 301 a Turai, 122 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Haka Canon: PG-245 a Amurka, PG-545 a Turai, PG-445 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kwanson zai zauna daram a mazauninsa, amma firintar wani yankin za ta ƙi shi. Don haka a duba kwalin sabuwar firintar, lambar da aka buga a kai ta zama daidai da ta hannu, harafi da harafi.

Idan tawadar ba ta ainihin kamfanin ba ce, wato ta wasu masu ƙerawa ce da ke dacewa, sai a ƙara kula. A jikin kwanso akwai ɗan guntun lantarki da firinta ke karantawa. Tun 2016 HP ke sanya tsari a wasu firintocinta da ke ƙin kwanson da guntunsa ba nata ba ne, kuma yakan zo ne ta hanyar sabunta manhajar cikin firinta. Kwanson da ya yi aiki jiya sai a wayi gari an ƙi shi. Inda firinta ta ba da dama, a kashe sabuntawa ta kai tsaye tun ranar da aka haɗa ta da intanet.

Ranar kunna sabuwa, a fara da kwansunan da suka zo cikin kwalinta. Firintoci da yawa ba sa kammala shirin farko sai da su. Bayan sun ƙare ne za a sa na ajiya, a buga shafin gwaji a ga ko kowace kala ta fito ba yankewa.

Masu tawadar kwalba su ma su duba lamba. Tawadar Epson 664 ta firintocin L220 da L360 ce, L3110 kuwa 103 ko 003 take sha, gwargwadon yanki, bakin kwalbar ma daban yake. Kada a juye ragowar tsohuwa a tankin sabuwa don gudun asara. Tawada iri biyu ce: mai narkewa sarai cikin ruwa, da mai ƙananan ƙwayoyin launi. Gauraya su na iya toshe kan da ke fesa tawada, gyaransa kuwa kan kai kusan kuɗin firintar.

Sai a yi lissafi da gaskiya. Kwanson da ba a buɗe ba yakan kai kimanin shekara 2 idan yana cikin ledarsa, a wuri mai sanyi, nesa da rana. Wanda aka buɗe gara a ƙarar da shi cikin wata 6. Idan abin da ya rage kwanso ɗaya ne ko biyu, ko kwanan watansu ya wuce, bai kamata su tilasta wa mutum sayen tsohon samfuri ba. A sayar da su ko a ba mai irin firintar. In kuma suna da yawa kuma an daina ƙera samfurin, ana iya neman wadda aka yi amfani da ita, amma kada a biya kuɗi sai an sa kwanson hannu a ciki an ga ta buga baƙi da kala.