Yadda za ka yi in an kawo maka ɗan ɓangaren abokan gaba da rauni

Wannan na ma'aikatan lahiya ne da 'yan agaji, musamman masu aiki wajen su Sabon Birni da Isa da Goronyo inda harbi ya zama ruwan dare.

Abu na farko, in akwai makami a jikinshi a bar jami'an tsaro su karɓe, kai kuma ka je kan jini. Danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, in hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa ka ɗaure sama da raunin tamau ka rubuta lokacin da anka ɗaure, in ciki anka harba kar a ba shi ruwa ko da yana roƙo. Wanda ya fi jin jiki shi aka fara dubawa, ba a tambayar ɗan wane ne, haka yarjejeniyar ƙasashen duniya kan dokokin yaƙi, ta Janiba ta 1949, ta ce. A nan gida ma dokar 2017 ta wajabta ma asibiti ta karɓi mai raunin bindiga ba sai da takardar 'yan sanda ba, amma ka sanar da su cikin awa 2 da fara magani, don Allah kar ka ɓoye shi, jinya daban shari'a daban.

Mai wuyar ita ce jama'a, don wani na tsaye bakin ƙofa jiya ya binne ƙanenshi, kar ka yi mai wa'azi da tsawa, ka nemo liman ko mai gari su zauna da shi. A tuna mai fursunonin Badar, Abu Aziz ɗan'uwan Mus'ab bin Umair da kanshi ya ba da labari cewa Ansar ɗin da sunka tsare shi su kan ba shi gurasa su su ci dabino, saboda Annabi (SAW) ya yi wasici da kyautata ma kamammu.

Maganar sulhu kuwa a bar ta sai rauni ya warke, kuma kar a tilasta ma kowa yafiya. Yaƙin basasa ya ƙare 1970 amma sai 1982 namu Shehu Shagari ya yi ma Ojukwu madugun Biyafara afuwa ya dawo gida. In lokacin zama ya yi, a samo dattijon da ɓangarorin biyu ke jin kunya, wanda anka cuta ya fara magana ba mai katse shi, wanda ya yi ɓarna ya amsa da bakinshi, sannan a shiga batun diyya da dabbobin da anka kora.