Darasi na Tara: Kare Kwamfutar Gida Daga Bairos

Bairos muguwar manhaja ce da wasu ke ƙirƙira da gangan. Wata takan sa kwamfuta ta yi nauyi, wata ta ɓoye takardu, wata kuma ta saci lambar sirrin banki ba da sanin mai ita ba. Mafi muni ita ce mai kulle komai sai an biya kuɗin fansa. Irinta ce WannaCry, wadda a watan Mayun 2017 ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har wasu asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

A wajenmu, filash ce babbar ƙofar shigarta. Yaro ya kai filash shagon buga takardu, ya dawo ya soka a kwamfutar gida ya buɗe, shi ke nan ta shigo. Ƙofa ta biyu ita ce manhajar sata da ake saukewa kyauta daga intanet.

Ba dole sai kun sayi manhajar kariya ba. Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da tasu, mai suna Microsoft Defender, kuma ta ishi kwamfutar gida. Ku danna Start, ku rubuta Windows Security, ku buɗe. Idan kun ga koren maki a jikin hoton garkuwa, tana aiki. Ja ko rawaya kuwa, akwai gyara.

Ga inda mutane da yawa ke yin sakaci. Saboda tsadar data, sai su hana kwamfuta sabuntawa. To, manhajar kariya kamar mai gadi take: ɓarawon da aka kwatanta masa shi yake ganewa, kuma kullum sababbin ɓarayi ake samu. Sabuntawa ce ke kawo mata kwatancensu, ita ce kuma ke toshe kafofin da ke jikin Windows. Kafar da WannaCry ta bi, tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da abin toshe ta. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Don Allah ku ware data domin wannan, ko sau ɗaya a mako. Mai Windows 7 kuma ya sani tun Janairun 2020 aka daina sabunta ta, kada ya shiga banki da ita.

Kada ku haɗa manhajar kariya biyu, rikici za su yi. Idan kuna intanet saƙo ya faɗo cewa kwamfutarku ta kamu, ku kira wata lamba ko ku biya kuɗi, damfara ce, ku rufe shafin.

Aikin gida: ku soka filash, kada ku buɗe ta. Ku ɗora maus a kan sunanta, ku danna ɓangaren dama na maus ɗin, ku zaɓi binciken Microsoft Defender. Ku rubuto abin da ya nuna muku, mu duba tare a aji.