Borrow da lend, advice da advise: inda masu koyon Turanci suka fi tuntuɓe

Wani kuskure da ake yawan ji a bakin ɗalibai shi ne "borrow me your pen". Ba rashin karatu ne ya jawo shi ba, daga Hausa aka ɗauko shi. Mu kalma ɗaya ce ke yi mana aiki biyu: "na ari littafi a wurin Musa", "Musa ya ara mini littafi". Turanci kuwa ya raba su. Wanda ya karɓa shi ya yi borrow, wanda ya bayar shi ya yi lend.

Kafin ka yi magana, duba wanda ka sa a farkon jumla. In kai ne mai karɓa, ka ce "Can I borrow your pen?" In mai abin kake roƙo ya ba ka, aikin nasa ne, sai ka ce "Please lend me your pen". Lend tana ɗaukar karɓau biyu a jere, mutum sannan abu. Borrow abu kaɗai take ɗauka, mutumin kuma sai an kawo shi da from: "I borrowed a book from Musa". Shi ya sa "borrow me" ba ta yiwuwa a wannan ma'ana. Shuɗaɗɗen lokacin lend kuma lent ne, babu wata kalma lended.

Wani abin lura: Hausa ta bambanta aro da rance, ana aron keke amma kuɗi rantarsu ake yi. Turanci bai yi wannan rabon ba, keke da kuɗi duk borrow da lend ne.

Advice da advise matsalarsu ta nahawu ce. Mai c suna ce, wato shawara, ƙarshenta na fita da sautin s. Mai s aikatau ce, ba da shawara, ana furta ta da z. Hanyar gwaji: in za ka iya sa my ko some a gabanta, advice ce, in to ko will ne, advise ce. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne jam'i. Muna cewa shawarwari, sai a rubuta "advices" ko "an advice". Turanci ba ya ƙirga wannan kalma, sai dai "some advice" ko "a piece of advice".

Haka practice da practise suke a rubutun Birtaniya, wanda makarantun Najeriya da Gana suka gada: c ga suna, s ga aikatau. Amurkawa practice suke rubutawa a duka biyun, don haka mai shirin WAEC ya riƙe na Birtaniya.

Sai lose da loose. Lose aikatau ce, rasa abu ko shan kaye, shuɗaɗɗenta lost, sunanta loss. Loose mai o biyu sifa ce, abin da ya yi sako-sako, kamar wandon da ya yi wa mutum yawa. Wanda ya rubuta "don't loose hope" sai ya cire o ɗaya.