Yadda Ake Gano Dalilin Taurin Fedar Birki da Yadda Ake Gyara Shi

Idan direba ya taka birki ya ji fedar ta sandare kamar ya taka dutse, har sai ya danna da dukkan ƙarfinsa kafin mota ta rage gudu, a mafi yawan lokuta birkin kansa yana nan lafiya, na'urar da ke taimaka wa ƙafa ce ta daina aiki. Wannan ya bambanta da fedar da ta yi laushi tana nutsewa, wadda ke nuna iska ta shiga man birki ko man yana yoyo. Ya kamata a rarrabe su tun farko, domin fitar da iska daga layin birki ba ya maganin tauri.

Na'urar da ake nufi ita ce busta, wata baƙar tukunya mai faɗi da ke manne a bangon da ya raba inji da mazaunin direba, kuma a gabanta ne aka ɗaura mastan birki, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. A cikinta akwai faifan roba da ya raba ta gida biyu. Inji yana zuƙe iskar da ke ciki ta wani tiyo, idan kuma aka taka feda sai iskar waje ta shiga gefe guda ta tura faifan, ƙarfin ƙafa ya ninku. Injin fetur yana samar da wannan zuƙa da kansa, shi kuwa na dizal famfo na musamman yake da shi don wannan aiki.

Kafin a buɗe bonet, a leƙa ƙarƙashin fedar, domin gorar ruwa da ta gangaro ko shimfiɗar ƙafa da ta naɗe suna iya tokare ta. Daga nan sai gwajin busta, wanda ba ya bukatar kayan aiki. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har fedar ta yi tauri sosai, sannan a riƙe ta da ƙafa a tayar da mota. Idan komai lafiya, fedar za ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa da zarar inji ya kama. Idan ba ta motsa ba, taimakon ba ya zuwa. Gwaji na biyu shi ne a bar inji ya yi aiki minti ɗaya ko biyu, a taka birki a riƙe, a kashe inji, a ci gaba da riƙewa daƙiƙa 30. Fedar da ta fara turo ƙafa sama tana nuna iska na shiga ta inda bai kamata ba.

A nan ne mutane da yawa suke gaggawar sayen sabuwar busta, kuma a ganina kuskure ne, domin tiyon da ke kai mata zuƙa ya fi ta saurin lalacewa. Zafin inji yana busar da robarsa har ya tsattsage, musamman a bakinsa, wani lokaci kuma yakan lotse ta ciki ya toshe alhali daga waje yana kama da lafiyayye. A zare shi daga jikin busta yayin da inji ke aiki a ɗora yatsa a bakinsa, ya kamata a ji yana jan yatsan da ƙarfi. Wanda ke da ma'aunin zuƙa zai ga lafiyayyen injin fetur yana ba da tsakanin inci 17 zuwa 21 a ma'aunin (inHg) idan inji yana aiki mota tana tsaye. A bakin tiyon akwai ƙaramin bawul da ke barin iska ta fita daga busta, ya hana ta komawa. A cire shi a hura ta kowane gefe: idan iska ta wuce ta ɓangarorin biyu, ko ta ƙi wucewa gaba ɗaya, sai a sauya shi tare da robar da yake zama a ciki.

Idan tiyo da bawul suna lafiya, zuƙa kuma tana zuwa, to zargi ya koma kan busta. Alamarta ita ce ƙarar fitar iska kusa da feda lokacin da aka taka, wani lokaci har inji ya riƙa rawa ko ya mutu, saboda iskar da ba a auna ba tana shiga cikinsa. Ba a yi wa faifan da ya yage faci, sauya bustar ake yi ɗungurungum. Amma a duba bayan masta da kyau, domin idan man birki yana ɗiga daga can cikin busta, shi ne ya cinye robar, kuma zai cinye sabuwar ma idan ba a gyara mastan ba. Bayan an ɗaura sabuwa, a daidaita tsawon sandar da ke tura masta yadda littafin motar ya tanada, don idan ta yi tsawo birki zai riƙa kamawa da kansa.

Wasu manyan motoci ba sa amfani da zuƙar iska, famfon sitiyari ne ke ba birkinsu ƙarfi, saboda haka idan sitiyari da birki suka yi nauyi tare, a duba man sitiyari da bel ɗin famfon.

Idan busta ta ci gwaji amma taurin yana nan, a ɗaga mota a juya kowace taya da hannu. Wadda ta ƙi juyawa, ko ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya, tsatsa ta kama fistin da ke matse birkinta ko ƙusoshin da maƙalar birki, wato ƙarfen da ke matse faifan taya, ke zamewa a kansu, sai a wanke su a shafa giris na birki, ko a sauya idan sun ci. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake son sauya shi duk shekara biyu da irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4. Bayan kowane gyara, a gwada birkin a hankali a fili marar cunkoso kafin a hau babban titi.