Yadda Ake Lissafa pH na Asid Mai Rauni

Kafin ka taɓa kalkuleta, ka fara tantance ko asid ɗin da aka ba ka mai ƙarfi ne ko mai rauni, domin a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Mai ƙarfi irin HCl, da zarar ya shiga ruwa sai ya saki H⁺ ɗinsa kakaf. In mol 0.10 ne a lita, H⁺ ma 0.10 ne. Ma'aunin pH, wanda Sørensen ɗan ƙasar Denmak ya ƙirƙiro a 1909, shi ne −log[H⁺], inda [H⁺] ke nufin yawan mol na H⁺ a lita, don haka amsa 1 ce.

Mai rauni kuwa, kamar asid asetik, CH₃COOH, ƙalilan ne daga ƙwayoyinsa ke rabuwa, waɗanda suka rabu ɗin ma suna ta sake haɗewa. Idan saurin rabuwa ya zo ɗaya da saurin haɗewa, an kai ga daidaito. Ba wai aikin ya tsaya ba ne. Kamar ɗaki ne da masu shiga suka yi daidai da masu fita, sai yawan mutanen ciki ya zauna yadda yake.

Da farko, rubuta rabuwar da kibiya mai kai biyu: CH₃COOH ⇌ H⁺ + CH₃COO⁻. Sai ka fitar da Ka, wato lambar da ke nuna yadda asid ke rabuwa a daidaito, daga cikinta: Ka = [H⁺][CH₃COO⁻] / [CH₃COOH]. Na asetik 1.8 × 10⁻⁵ ne a zafin digiri 25. Ƙanƙantar lambar nan kaɗai ta isa ta shaida maka cewa mafi yawan asid ɗin bai rabu ba.

Daga nan sai ka kira adadin da ya rabu x. Mu ce mun fara da mol 0.10 a lita. A daidaito H⁺ zai zama x, CH₃COO⁻ ma x, abin da ya rage na asid kuma 0.10 − x. Kenan x² / (0.10 − x) = 1.8 × 10⁻⁵.

Ga dabarar da ke rage wahala: tunda x ƙarami ne ainun, ɗauki 0.10 − x a matsayin 0.10. Sai x² ya zama 1.8 × 10⁻⁶, x kuma 1.34 × 10⁻³, pH ya fito 2.87. Duba tazarar da ke tsakaninsa da HCl, alhali yawansu a kowace lita iri ɗaya ne.

Amma kada ka miƙa takarda tukuna. Wajibi ne ka gwada ko dabarar ta halatta, kuma a ganina wannan matakin ne ke nuna wanda ya fahimci darasin. Raba x da adadin farko: ya ba da kashi 1.3 cikin 100. Muddin bai wuce kashi 5 ba, amsarka ta tsaya.

Yanzu ƙara ruwa har asid ɗin ya koma 0.0010. Dabarar za ta ba ka x = 1.34 × 10⁻⁴, wato kashi 13 cikin 100, ya zarce iyaka. Dole ka warware x² + (1.8 × 10⁻⁵)x − 1.8 × 10⁻⁸ = 0 da dokar kwadiratik, ka jefar da amsar da ke ƙasa da sifili. Za ka samu 1.25 × 10⁻⁴, pH 3.90. Dalilin kuwa shi ne, duk sa'ad da aka tsarma asid mai rauni, daidaiton yana karkata zuwa ɓangaren rabuwa, kamar yadda ƙa'idar Le Chatelier ta tanada, kuma kason da ya rabu yana ƙaruwa duk da cewa yawan H⁺ a lita yana raguwa.